Gyaran Muryar Baba

A unguwar PZ Ƙauna ta fara ganin Othniel, ranar da ta shiga shagonsa neman wayar sifika. Ya auna mata wayar, ya sake aunawa, ya kuma aunawa, har ta tambaye shi ko sai ya kai ta Samaru zai yanka. Daga nan aka karɓi lamba.

Da ya fara zuwa gaishe da mahaifiyarta ne magana ta lalace.

Marigayi babanta ya bar kayan sauti a falo, amfilifaya da sifika biyar, ya jera su da hannunsa don jin waƙoƙin coci. Tun rasuwarsa Mama ba ta yarda a kashe su, ko ba a sa komai ba. Othniel na durƙusawa da yamma, sai babbar sifikar ta yi wani gurnani mai kauri, ta tsaya, ta sake. Tsigar jikin Ƙauna ta tashi. Wallahi haka Baba yake gyaran murya idan abu bai yi masa ba.

Othniel ya sake dawowa, aka maimaita. Shi kuwa Julius, shugaban mawaƙan cocinsu da Mama ke so Ƙauna ta aura, duk Lahadi yana nan yana cin tuwo, sifika ko tari ba ta yi.

“Kin dai ji da kunnenki,” in ji Mama. “Babanki bai yarda ba.”

Ƙauna ta daina zama a falon ita kaɗai, tsoro take ji. Ta tura wa Othniel saƙo: “Nawa, ina sonka, amma ba zan iya jayayya da wanda ke kabari ba.”

Ya amsa: “Ƙaunata, ni ma jikina ya yi sanyi ranar. Amma gaya mini, wa ke da inji a layinku?”

Ashe Maman Chisom ce, mai markaɗe a bayan katanga. Sai yamma take tayar da injinta, daidai lokacin da Othniel ke rufe shago ya taho, ranar Lahadi kuwa ba ta taɓa aiki. Ya ce injin ne ke gurɓata wutar layin, amfilifaya ta kwashi dattin ta zuba a sifika. Sitabilaizar gidan ƙarfin wuta kawai take daidaitawa, ba ta tacewa.

Ya zo da wani baƙin akwati mai tace wuta, ya roƙi Mama izini. Ta daɗe tana kallon hoton marigayi kafin ta gyaɗa kai. Ya zare filogin amfilifaya daga bango ya soka a akwatin. Ƙauna ta riƙe numfashi, don ta san idan sifikar ta yi gurnani yanzu, shi ke nan ta rasa shi.

Injin Maman Chisom ya tashi, suna jiyo shi ta taga. Falon ya yi tsit. Shirun ma ya fi gurnanin ban tsoro.

Mama ta share ido da bakin zani, ta ce ya turo manyansa.

An ɗaura aure a cocinsu na Samaru, zumuntar mata suka cashe har ɗankwali na faɗuwa. Da yamma ango da amarya suka biyo gida yin sallama kafin su wuce sabon gidansu a Muchia. Tun daga ƙofa Ƙauna ta ji gurnanin, ta damƙe hannun mijinta.

Mama na zaune kusa da babbar sifikar, akwatin a gefe, ta cire shi ta naɗe wayarsa tsaf. Ta sa suka durƙusa, ta dafa kawunansu.

“Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkace ku da 'ya'ya masu jin magana. Othniel ɗana, ɗauki akwatinka, na gode. Na san injin ne.” Ta shafa saman sifikar. “Amma yau gidan zai zama ni kaɗai. Ku bar mini shi ya riƙa gyaran murya.”