Mijin Haske Na Cikin Waya

"Yarinyar ga matar wani ta, Lawali. Ban ba ka matar wani."

Kawu Gado bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba. Lawali na durƙushe gabansa a ƙofar gidan tsohon da ke ƙauyen Tabla, gwiwoyinsa na yi masa tuni cewa shekara arba'in da bakwai ba ƙuruciya ba ce. Tun da hantsi ya taso daga Filinge a kan tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu, ya sa babbar rigar da yake ajiyewa don salla da jana'iza, ya zo neman aure.

"Kawu, Haske ba ta taɓa aure ba."

"Da idona na gani."

"Fim ne, Kawu..."

"Hilm ɗin da aljanu anka yi shi, ko da mutane?"

Tsohon ya zaro waya daga aljihu ya miƙa masa. Ga Haske nan cikin farar riga har ƙasa, a ɗakin ibadar Nasara. Wani tsohon Bature ya riƙo hannunta ya kai ta gaban wani dogo mai jan gemu, dogon ya zura mata zobe, jama'a suka ɗau tafi.

"Ga ango, ga shaidu, ga wanda ya ba da ita. An tambaye ta, ta amsa. Malamai ukku na tambaya, guda har Bankuku na bi shi. Magana ɗaya sunka hwaɗi: aure ba ya da wasa, wanda ya ɗaura shi da wasa ya ɗauru. In mai jan gemu ya sake ta, a kawo mini takarda."

Shekara ashirin da biyu Lawali na koyar da lissafi a kolejin Filinge. Yana iya tsayawa gaban yara tamanin ya gamsar da su kan abin da ko shi bai gama yarda da shi ba. Amma gaban mutumin da ya riƙe shi tun yana maraya ɗan shekara biyar, ya sayar da sa ya kai shi lakwal, wato makarantar boko, abin da ya iya cewa kawai shi ne:

"To, Kawu."

Haske ɗiyar Aliyu ce, ƙanen Kawu Gado. Uwarta, Inga, Baturiya ce 'yar ƙasar Suwed, aikin jinya ya kawo ta Filinge, ta ga Aliyu yana gyara famfon asibiti, ta manta da tikitin komawa. Haske na da shekara tara ciwon sanƙarau ya ɗauke Aliyu cikin kwana biyu. Bayan arba'in Inga ta ɗauki 'yarta suka tafi.

Abin da ya biyo baya Lawali ya haddace shi kamar jadawalin sau. Makarantar wasan kwaikwayo a Malmö. Shekara takwas tana fitowa a mai shara, mai shara, sai kuma mai shara. Sannan aka ƙara mata girma ta zama gawa: kwana uku tana kwance kan tebur mai sanyi, 'yan sandan fim na shan kofi a kanta. Wani darakta ya ce bai taɓa ganin gawar da ta fi masu rai iya wasa ba, ya ba ta matsayin sufeton 'yan sanda, ta yi shekara shida tana kama masu laifi duk daren Lahadi a talabijin. Daga nan sai fim ɗin matar masunci, wanda ya kawo mata lambar girma, ya kawo wa Lawali wannan bala'in na mai jan gemu.

Shekara uku da suka wuce ta dawo ganin kabarin ubanta. Da yake shi ɗan mace ne ita ɗiyar namiji, tobasai ne, abokan wasa, kuma shi kaɗai ke da moto, sai aka ɗora masa yawo da ita. Kalmar farko da ta faɗa masa ita ce, "Ina gashin kanka ya tahi?" Tun daga ranar bai sake barci da kyau ba. Matarsa ta farko ta bar shi ne don ya gyara mata wasiƙa da jan biro, saboda haka ya san ba shi ne mafarkin kowace mace ba. Amma kullum da safe sai muryar Haske ta iso wayarsa daga Stockholm, da Hausar 'yar shekara tara ta yankinsu na Kurfai wadda ko tsofaffi sun fara mantawa.

Yanzu ta sake zuwa hutu, ta sauka gidan Kawu. Ya iske ta a bayan gidan ƙarƙashin gawo, tana taya Inna Tanne, matar Kawu, sussukar gero. Ta fi zubarwa da sussukawa.

"Tobashina, mi ya ce?"

"Ya ce kina da miji."

"Kai, ashe! Ban sani ba. Kyakkyawa ne?"

"Haske, ba wasa nake ba. Mai jan gemun nan..."

Ta ajiye taɓarya. Inna Tanne ta ɗauki ƙwaryarta ta matsa can nesa, daidai inda za ta ji komai.

"Na yi tunani a hanya," in ji Lawali. "Abu ne mai sauƙi. Ki kira shi a waya, mu koya masa kalma uku, ya ce na sake ki, ya rubuta a takarda. Shekarun fim ɗin sun yi bakwai, mu ce tuntuni aka yi sakin. Kawu ya huta, mu huta."

"Sau huɗu na yi aure a fim, Lawali. Guda ya mutu da gaske. Shi wa za ya kira mana?"

"Kawu guda ya gani."

"Wato mu yi ma tsoho ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, dabara ce..."

"In na karɓi takardar ga, na yarda ke nan shekara ashirin da biyar yawon maza na yi a idon duniya." Muryarta ta sauka. "Ka san sanyin da na sha kafin wani ya yarda baƙar mace na iya riƙe fim? Ka san sau nawa anka ce in canza suna? Ban canza ba. Haske Aliyu aka rubutawa, don in ɗan Kurfai ya gani ya san tasu ce. Yanzu in zo gida in nemi gafara a kai?"

"Haskena..."

"Kada ka Haskena ni. Alhamis jirgina za ya tashi daga Yamai, aiki na jirana. Zuwana ukku ke nan ina zaune ina jiran ka buɗe baki. In na tahi wannan karon ba a ɗaura ba, ban dawowa roƙo."

"To mu yi yaya? Ba zan tsallake maganar Kawu ba. Shi ne ubana, shi ne waliyyinki. In na kai ki Yamai aka ɗaura a bayansa, da wane ido zan sake shiga gidan nan?"

"Ban ce ka tsallake shi ba."

"Ina son ki, Haske. Wallahi ban san ana yin wannan ciwon da furfura ba."

Ta dube shi, ta share ido da gefen zane, ta yi dariya a lokaci ɗaya.

"Furfurar da ke ina? Kan ga ko ƙuda sai ya zame."

Daga can Inna Tanne ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ba jan gemun ke damunai ba. Tsohon Baturen nan na, da ya riƙo hannunki. Ranar da anka nuna mishi, kwana biyu bai ci tuwo ba. Cewa shikai an ba da ɗiyar Aliyu, ko goro ba a aiko mishi ba."

Haske ta juya ta fuskanci tsohuwar. Sannan ta ce:

"Inna, akwai abin da ya saura na babana a gidan ga?"

"Malfarshi na rataye a ɗaka. Ba mai taɓa ta."

"Ara mini ita bayan la'asar."

Bayan la'asar Kawu Gado na zaune a tsakar gida kan tabarma, maƙwabta biyu na gefensa, Lawali na can kusa da turken awaki inda ya ga ya fi dacewa da shi. Haske ta fito daga ɗaki da tsohuwar malfa a hannu, ta durƙusa.

"Baba, ka ga auren da na yi a waya, amma ba ka taɓa ganin aikina ba. Ka bari in nuna maka, sau guda."

"Wane aiki da malfar mamaci?"

"Ka dai duba."

Ta juya musu baya. Ta ɗora malfar, ta karkata ta hagu. Kafaɗunta suka faɗaɗa, ko kuwa idon Lawali ne. Da ta juyo, ƙafar dama na ɗan jan ƙasa, hannu ɗaya na bayan ƙugu, ɗayan na sosa ƙeya. Ta yi gyaran murya sau biyu, gajeru, kamar mai shirin neman alfarma.

"Yaya Gado," in ji wata murya mai kauri da dariya a ƙarƙashinta. "Har yanzu kana nan kana tuhkar igiya? Duk igiyar ga, akuya nawa gare ka?"

Carbin da ke hannun Kawu ya faɗi.

"Na ji an ce ka tsufa. Ni ban yarda ba, na ce Yaya tun muna yara tsoho na. Ka tuna ranar da na saki jakin Baba a gonar liman, kai ka sha bulala ba ka hwaɗi sunana ba? Har yau ban gode maka ba. Na ce sai na dawo daga Filinge... sai ban dawo ba."

Inna Tanne ta dafa ƙirji. Ita da ta yi shekara hamsin iskoki na hawanta a dandalin bori, ta ce a hankali, "Ba goge, ba ƙwarya..."

Kawu ya matso gaba. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa gefen malfar.

"Ali..."

"Na'am, Yaya. Magana guda ta kawo ni. Ɗiyar ga tawa, na ba Lawali. Ba shi da gashi, motonshi ba ta da birki, amma kai ka rene shi, ya ishe ni shaida. Na ba shi. Ga shaidu nan zaune."

Lawali, wanda bai yi kuka ba ko ranar da matarsa ta kwashe kayanta, ya tarar yana share hanci da hannun babbar rigar salla.

Haske ta cire malfar. Kafaɗun suka koma nata. Ta sake durƙusawa, hawaye na bin kuncinta.

"Da wannan na shiga makarantar wasa, Baba. Sun ce kowa ya kwaikwayi wanda ya fi sani. Kullum a ɗakina nike yin shi, don kada muryarshi ta ɓace mini. To ga shi, gaban shaidu ubana ya ba da ni. Na bayu ke nan?"

Wata akuya ta kama tauna gefen rigar Lawali.

Kawu Gado ya ɗauki carbinsa. Ya daɗe yana kallon malfar a cinyarta.

"Aliyu na kwance bayan gari," ya ce. "Ni na sa shi a rami da hannuna. Wanga ba shi na ba."

"To shi ma wancan tsohon ba ubana ba ne. Ɗan wasa ne, ko sunan garinmu bai iya hwaɗi. Ba wanda ya taɓa ba da ni, Baba. Shekara arba'in da huɗu ina jiran mai iko."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya buɗe baki zai kawo maganar malamin Bankuku. Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Malam ya ce wanda ya ɗaura da wasa ya ɗauru. Wanda ke da ikon ɗaurawa yake nuhi. Wancan Bature da wane iko?" Ya share fuska da tafin hannu, muryarsa ta dawo wurinta. "Kuma ko Aliyun ne da kanshi ya taso, ba ya ba da ɗiya ina zaune. Ni na babba. Lawali."

"Na'am, Kawu."

"Taso daga cikin awakin nan. Gobe bayan azahar. Ka kawo goro na kirki, ba irin na malaman lakwal ba."

Washegari aka ɗaura a masallacin Tabla. Kawu Gado ya faɗi "na ba shi" da ƙarfin da ya sa limamin ya ce sau ɗaya ma ya isa. Mata suka yi ta guɗa har muryar Inna Tanne ta dushe. An shirya cewa amarya za ta yi rabin shekara a Stockholm tana aiki, rabi a Filinge, ango kuma zai je can da hutun damina ya ga ko gaskiya ne rana ba ta faɗuwa.

"Ka gani, masoyi?" in ji Haske da suka samu kaɗaici a zaure. "Aure na biyar, kuma shi ne na farko da ba a ce mu sake daga farko ba."

"Ni ma da za a ce a sake, gwiwoyina ba za su iya ba."

Ranar Laraba da safe, motar Yamai na jira a bakin hanya, Haske ta shiga yi wa Kawu sallama. Lawali na tsaye bakin ƙofa da akwatinta. Tsohon ya sa mata albarka, ya daɗa, ya sake daɗawa. Ta miƙe za ta fita, sai ya ciro malfar daga ƙusa, ya kaɗe ta da hannun riga, ya miƙa mata yana kallon gefe.

"Ɗiyata... direba na iya jira kaɗan. Na san ba shi na ba. Amma ki sa ya ƙara gaishe ni."

Lawali ya ajiye akwatin, ya ja musu ƙofa, ya tafi ya ba direba haƙuri.