Rigar da Ba Ta da Aljihu

"Mutumin da iyayen gidansa ma ba su yarda da shi ba, har sai da suka ɗinke masa aljihu! Shi za ki kawo mana gidan nan?"

Gwaggo Odile ce ke wannan faɗan, tana yanka burodi kamar shi ya yi mata laifi. Ita ce yayar Baba Armand, ita ta raini 'yarsa Solène tun rasuwar mahaifiyarta, don haka bakinta ya fi na kowa kaifi a gidan.

Solène ta ajiye cokali, idonta ya kawo ruwa.

"Haba Gwaggo! Duk mai aiki a teburin caca haka rigarsa take. Doka ce, ba Gaspard kaɗai ba."

"Doka ce saboda sun san halin junansu! Ki dubi hannunsa, laushi kamar na jariri. Namijin da bai taɓa jan igiya ba, sai jan kuɗin mutane da sandar teburin caca."

Baba Armand, tsohon masunci, ya ci gaba da cin abincinsa. Yana shan miyar kifinsa, idonsa na kan ƙusar da ke bayan ƙofa, inda wata rigar ruwa rawaya take rataye. Ta Bastien ce, ɗansa namiji tilo, wanda teku ta ɗauke a gabansa wata safiya, ba ta ko dawo da gawarsa ba. Tun daga ranar maganar Baba ta ragu, gidan ya koma kamar an rage wa fitila lagwani.

Gwaggo ta matso da kujera.

"Armand, ka ji shawarata. Asabar ɗin nan mu tafi Deauville, garin da yake aiki, mu kwana can. Ka zauna a teburinsa ka zuba kuɗi. In ya yi dabara ka ci, to macuci ne mai cin amanar masu ba shi abinci. In kuwa ya sa sanda ya share naka bai ko ƙifta ido ba, ka ga wanda zai share maka jirgi wata rana."

"To ta ina zai fita ke nan?" Solène ta faɗa cikin kuka. "Kin toshe gaba kin toshe baya!"

Sai a lokacin Baba ya ɗago.

"Za mu je. Abin da idona ya gani, shi zan bi. Ke kuma ki yi mini alkawari da sunan ɗan'uwanki ba za ki gaya masa ba."

Ta dubi rigar rawaya, ta yi alkawarin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san wannan Asabar ɗin ce ranar gwajin Gaspard. In ya yi kyau a teburinsa, za a ɗaga shi zuwa babban zaure, ya samu albashin da zai riƙe iyali da shi.

Da suka shiga garin, Solène ta manta da kukanta na ɗan lokaci. Ita da ta tashi cikin ƙarnin kifi da kukan tsuntsayen teku, sai ga ta a inda teku ma kamar ta yi wanka ta yi kwalliya. Laimomi ja da shuɗi sun jeru a kan rairayi, dawakai na sukuwa a bakin ruwa, ƙafafunsu na watsa kumfa kamar azurfa. A otal wani mai farar safar hannu ya karɓi jakar Baba, Baba ya riƙe ta gam, sai da Solène ta raɗa masa, "Baba sake masa, aikinsa ne."

A wurin cin abincin rana aka kawo musu kifi a faranti mai faɗin tire, kifin kuwa bai fi yatsa biyu ba, an ɗora masa ganye guda. Baba ya leƙa shi da kyau.

"Irin wannan ai mayar da shi ruwa nake ya je ya girma."

Gwaggo ta harare shi, amma ita ma bakinta a buɗe yake, don a ɗan dandamalin da ke gabansu wasu 'yan mata ne ke rawa da gashin jimina a ka, wani kuma yana busa ƙaho mai taushin da ya sa Solène ta ji kamar ta rufe ido ta bi shi.

Da la'asar suka hau matakalar gidan cacar. Solène ta tsaya cak a bakin zaure. Fitilu ne rataye kamar ruwan sama da ya daskare kafin ya sauko, madubai na miƙa wa juna haske, darduma tana haɗiye sawun kowa. Ba hayaniya, sai ƙarar 'yan sulallan roba da wani sauti siriri, ƙar-ƙar-ƙar, na ɗan farin ƙwallo yana zagaya faifai. Manya da furfura sun kewaye tebur sun yi tsit, numfashinsu duk yana bin ɗan abin da bai kai ƙwan tantabara ba. Tsoro da mamaki suka kama ta lokaci guda.

Can ta hango shi. Gaspard na tsaye a baƙar riga, yatsunsa na tafiya a kan koren ƙyalle kamar ruwa. Bayansa wata dattijuwa ce a doguwar kujera, Madam Perrin, shugabar zauren, tana lura da kowane motsinsa.

Baba ya canza kuɗinsa zuwa sulallan roba, ya ja kujera ya zauna daidai gabansa. Ya ɗora sulallan a kan tebur da hannun nan nasa da gishiri ya tsattsage.

Gaspard ya ɗago. Ya ga Baba, ya ga Gwaggo ta harɗe hannu, ya ga Solène a bayansu fuskarta fara fat. Ƙwallon na tsakanin yatsunsa, saura ya sake shi.

Bai sake ba. Ya ajiye ƙwallon a hankali, ya juya.

"Madam, a ba ni wanda zai karɓe ni. Ba zan iya yi wa wannan tebur aiki ba."

Madam Perrin ta sauke tabarau. "Dalili?"

"Dokar gida ta ce ba a juya wa ɗan'uwa na jini faifai. Wannan babana ne."

Wani mai tumbi ya yi tsaki, "Kai, a yi wasa mana!"

"Gaspard," in ji Madam, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni na ba ka hutu bara ka je ka binne babanka."

"Na binne wanda ya haife ni, Madam. Wannan shi ya haifi wadda nake so. Bai ba ni ita ba tukuna, wataƙila ma ba zai ba ni ba."

"To ai doka ba ta hau kanka ba. Ba ɗan'uwanka ba ne a takarda. Juya faifanka."

"A takarda ba shi ba ne. Amma in ya faɗi, hannuna ba zai ja abinsa ba. In ya ci kuma, ku ba za ku san ko na so ya ci ba, ni ma ba zan sani ba. Gara in tashi."

"Ka san in ka bar teburin nan yau gwajinka ya rushe? Sai baɗi, in ma an sake kiranka."

"Na sani, Madam."

Ya tafa hannu sau ɗaya, ya buɗe tafukansa kamar yadda kowane ma'aikaci ke yi kafin ya bar tebur, don kyamarorin da ke rufi su ga bai ɗauki komai ba. Amma shi ba sama ya nuna su ba. Gaban Baba Armand ya miƙa su, ciki da baya, ba komai a ciki.

"Ka yi haƙuri, Baba," ya ce, ya wuce.

Solène ta dubi mahaifinta. Tun ranar da teku ta ɗauki Bastien, muryar namiji ba ta sake kiransa da sunan nan ba. Ya miƙe da ƙyar, ya bar sulallan a inda suke, ya nufi ƙofa. Ita ta tattara su ta bi shi da gudu.

A kan hanyar katako da ke bakin rairayi ta same shi, yana fuskantar ruwa. Rana ta sunkuya, tekun ta zama jan ƙarfe narkakke har iyakar gani. Kuka yake, irin na mazan da suka daɗe suna riƙewa, kafaɗunsa kawai ke motsi. Ta rungume hannunsa.

Jim kaɗan Gaspard ya fito da kayan gida, ya tsaya nesa kaɗan. Baba ya share fuska da bayan hannu.

"Kai, zo nan. Ita ta gaya maka za mu zo?"

"Ba ta gaya mini ba."

"Ka zubar da ci gabanka saboda tsohon da ya zo ya ɗana maka tarko. Wauta ce wannan ko mene ne?"

"Babban zaure yana nan baɗi, Baba. Amma da na ja abinka da sanda yau, da wane ido zan zauna a teburin gidanka?"

Baba ya kama hannunsa ya juya shi, ya duba tafin.

"Laushi kam akwai. Odile ba ta yi ƙarya ba." Ya ja hanci. "Kana amai a jirgi?"

"Sosai ma."

"Za ka daina."

Solène ta fashe da dariya hawaye na zuba. Sai a lokacin suka lura Gwaggo ba ta tare da su. Da suka koma, sai ga ta a gaban wata na'urar caca mai walƙiya, tana danna maɓalli tana cewa, "Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan!" Gaspard ne ya lallaɓa ya ɗauke mata jaka, ya ce, "Gwaggo, na'urar nan ba ta taɓa jin kunyar kowa ba. Mu je ki sha shayi." Ta biyo shi sum-sum, ba ta ƙara ambaton aljihun kowa ba.

Ranar Lahadi da yamma su huɗu suka koma gida. Baba bai ko zauna ba, ya wuce bayan ƙofa. Ya daɗe tsaye, sannan ya sauke rigar rawaya daga ƙusa, ya kaɗe ta, ya ɗora wa Gaspard a kafaɗa.

"Ta ɗan yi maka yawa," ya ce. "Amma tana da aljihu biyu, kuma a gidan nan ba mai ɗinke maka su."

Aka ɗaura aure da bazara. Babban zauren ma bai tsere masa ba, shekara na zagayowa Madam Perrin da kanta ta kira shi. Solène ta riƙe alkawarinta a lokacin da karya shi ya fi sauƙi, Gaspard ya saki abin da ke hannunsa don kada ya ci amanar kowa, kuma babu wanda ya yi asara a cikinsu. Ba sana'ar mutum ake aura ba, halinsa ake aura, shi kuwa hali ba ya fitowa sai ranar da gaskiya za ta ci wa mutum wani abu.