Itacen Da Aka Sa A Murhun Biki

"Gwaggo! Wa ya sa itacen nan a wuta?"

Gwaggo Jummai, ƙanwar Babana, ko waiwayowa ba ta yi ba. Tana ta juya shinkafar biki a ƙatuwar tukunya.

"Amarya da yawo a bayan gida? Koma ɗaki!"

Na durƙusa na leƙa murhun. Gabana ya faɗi. Shi ne. Guntun ƙirya mai kusurwa uku, rabinsa ya zama garwashi, amma har yanzu ana ganin sunana da Munzali ya sassaƙa a gefensa da wuƙa.

"Wejin motar ne, Gwaggo... shi ake sawa a ƙarƙashin taya don kada ta gangara."

"Kudu ne ya miƙo mana, ya ce an daina amfani da shi. Kuma ni dama ba za a kai 'yar wana gidan miji ana jefa wa mota itace kamar ta 'yan doya ba. Wuce ki ba ni wuri!"

Na wuce ina waiwayen murhun.

Munzali, wanda aka ɗaura mana aure da safiyar ranar, direban wasu Turawa masu awon hanya ne a da. Da za su koma ƙasarsu a 1985, suka bar masa tsohuwar motarsu mai gado da murhu da labule a ciki. Mutanen Tunga, unguwarmu a Minna, suka sa mata suna Ɗakin Bature. Ya mai da ita shagon hoto, yana bin kasuwanni daga Maikunkele har Zungeru. A cikinta muka haɗu. Ya ce in yi murmushi, na galla masa harara, shi kuwa ya ɗauki hararar ya liƙa a saman madubi.

Baba bai so ba ko kaɗan.

"Mutumin da ɗakinsa ke kan taya? Ran da ya gaji da ke, Saudatu, makulli kawai zai murɗa."

Kudu yake so in aura, ɗan amininsa mai gareji. Ni kuwa ko muryar Kudu na ji sai raina ya ɓaci. Munzali ya daure ya gina ɗaki biyu a kan tudu a Maikunkele, jikin gidan mahaifiyarsa. Baba ya je gani, idonsa ya faɗa kan itacen da ya tokare tayar motar.

"Motar ma ba ta iya tsayuwa da kanta, balle mai ita. A gyara, sannan mu yi magana."

Da Munzali ya zo zance na tambaye shi me ke damun motar.

"Turawan sun canza mata birkin baya, suka sa na faifai. A kan hanya yana kamawa sosai, amma wayar birkin hannu ba ta da abin ja, tana nan tana lilo."

"To yanzu fa?"

"Hanya biyu ce, Saude tawa. A ɗaura ƙaramar gangar birki a jikin farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, a ja mata waya. Wannan ko shekara za ta yi a tsaye ba ta motsi, sai dai kayan daga Kaduna za su zo, ba su isowa da wuri. Ko kuma bawul ɗin da Kudu ya kawo, wani ɗan famfo ne. Ka taka birki ka murɗa shi, ya kulle man birkin a ciki."

"Kudu? Ka yarda da abin hannun Kudu?"

"Na sa ne don Baba ya gani. Amma mai ne, in ƙarfe ya huce yana saki a hankali. Ba abin da za ki ji sai ɗan ƙas... ƙas. Ni dai in bar mota a giya in sa wejina, shi na sani."

Ya zaunar da ni a kujerar direba, ya nuna min abin takawa na tsakiya, wato birki.

"In kin taɓa jin wannan ƙarar, nan za ki taka, da duk ƙarfin da Allah ya ba ki."

Na yi dariya a lokacin. Ni da mota me ya haɗa mu?

Baba ya ga bawul yana ƙyalli, ya sa rana. Sai ga Kudu da murmushinsa har kunne, wai ya haƙura, wai ni ƙanwarsa ce, shi da kansa zai tuƙa amarya. Baba har da sa masa albarka.

Ango dai ba ya zuwa ɗauko amarya, kowa ya san wannan. Tun azahar abokansa suka ɓoye shi a gidan maƙwabta. Na roƙi ƙawayena a aika masa cewa weji ya ƙone, suka kwashe da dariya.

"Oh, amarya! Zumuɗi tun yanzu?"

Bayan la'asar aka lulluɓe ni aka kai ni gaban Baba. Na yi kuka, kowa ya ɗauka na rabuwa ne. Aka ɗora ni a gadon motar, Gwaggo a gefena, kayan girkina tsibi a ƙasa, har da sabon turmi. Duk hanya mata na guɗa, ni kuwa warin birki kawai nake ji, don Kudu sai taka shi yake ba dalili.

Muka hau tudun. Ya tsaya hancin mota na kallon gida, bayanta na kallon gangara. Na san abin da ke ƙasan gangarar nan: kwalbati, da rami mai duwatsu wanda ruwa ya zaizaye.

Na ji ya murɗa bawul. Na ji sandar giya tana kaɗawa sakaka, ya bar motar a firi, ba a cikin giya ba.

"Yaya Kudu, giyar..."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya.

"Ke! Amarya da baki? So kike ki kunyata mu?"

Kudu ya diro yana tafa hannu.

"A sauka, a sauka! Kowa ya sauka, a kwashe kaya!"

Aka sauka, aka jibge kayan a gefen mota. Gwaggo ta gyara min lulluɓi.

"Ki zauna nan. Kada ki motsa, kada ki yi tari, sai surukarki ta zo ta sauke ki da hannunta."

Tafin Kudu ya tsaya.

"Gwaggo... ba da ita za ku shiga ba?"

"Ka taɓa ganin amaryar da ta sauke kanta?"

"A dai sauke ta, Gwaggo. Akwai zafi a ciki."

"Kai za ka koya mana al'ada? Matsa!"

Ta ƙasan mayafi na hango ƙafafunsa a bakin ƙofa. Sun tsaya, sun ɗan matso, sun ja baya. Ina jiran ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, wallahi da ya faɗa da na yafe masa. Sai ƙafafun suka juya, suka bi lungu da sauri.

A nan na gane. Motar yake so ta faɗa rami, da kyamara da komai, a ce ga mijin da na zaɓa. Bai lissafa da ni a ciki ba, kuma da ya sani bai fasa ba.

Can ƙofar gida dangin ango sun tare hanya da waƙa da tsiya, namu na ramawa. Inna, surukata, tana ciki tana jan aji kamar yadda aka saba. Ni kaɗai a mota, gumi na bin bayana.

Ƙas...

Na riƙe numfashi. Ƙila ƙarfe ne ke hucewa.

Ƙas... ƙas...

Hotona mai harara ya ɗan girgiza a saman madubi. Labule ya karkata. Bishiyar mangwaron da nake gani ta taga ta fara tafiya gaba.

Na yi wurgi da mayafi, na tsallake gado, na faɗa kujerar direba. Na taka na tsakiya, ya ƙi, tauri kamar dutse. Na kama sitiyari na miƙe tsaye a kansa da ƙafa biyu.

"Munzaliii!"

Motar ta yi gurnani, ta ja, ta ja... ta tsaya.

Waƙa ta yanke. Salati ya tashi. Ina jin birkin na nutsewa a ƙarƙashina sannu a hankali.

"Munzali! Yana tafiya! Ba zan iya ba!"

Ta madubin gefe na gan shi ya haura katangar maƙwabta, ba hula ba takalmi.

"Wejin! Ina wejin?"

Gwaggo Jummai ta ɗora hannu a ka. Sai kuma ta zabura, ta sunkuci sabon turmina, tsohuwar da kullum ke kukan baya, ta cilla masa.

Ya rungume shi ya zagaya bayan mota. Na daina ganinsa.

"Fita daga nan! Za ta bi ta kanka!" na ƙwala masa ihu.

Birkin ya kusa taɓa ƙasa. Motar ta sake ja baya. Na ji ƙarar itace na darewa, na ji wani nishi da har yau ban manta da shi ba.

Shiru.

"Saude..." Muryarsa ce, can ƙasa. "Ɗaga ƙafarki."

"A'a!"

"Ɗaga, masoyiyata. Na tare ta."

"In ta taka ka fa?"

"Ina nan. Ba inda za ni."

Na rufe ido, na ɗaga ɗaya. Na ɗaga ɗayar. Motar ta jingina da turmin, ta yi ƙara, ta zauna.

Sai ga Inna a guje, ɗankwali a hannu, tana kuka tana miƙo min hannu.

"Sauko, 'yata, sauko!"

Na kasa motsi. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba, na ji bakina na cewa, "Inna, ki yi haƙuri... shi nake so ya sauke ni."

Na jira Gwaggo ta yi faɗa. Sai ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Ya zo, babbar rigarsa duk jar ƙasa, hannun damansa naɗe a cikinta, jini na ɗiga. Da wannan hannun yake ɗaukar hoto, kuma yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Kudu bai kwana a Minna ba. Washegari Baba ya hau tudun da ƙafa, ya daɗe a tsaye yana kallon turmin da ke ƙarƙashin taya da ramin da ke bayansa. Ya ce da kansa zai je Kaduna ya ɗauko gangar birkin. Sannan ya durƙusa gaban surukinsa ya kama hannun nan mai bandeji.

"Ni na ce ba ka iya tsayuwa, Munzali," ya ce. "Ka yafe min."