Akwatin Ƙarƙashin Gada

"Kada ki motsa, Malama. Ko yatsa kada ki ɗaga."

Ina durƙushe a ƙarƙashin matakalar gadar masu tafiya a ƙafa, hannuna na dama cikin wani ɗan rami tsakanin ƙarafa biyu, yatsuna sun riga sun kama akwatin. Na juyo da kaina a hankali.

'Yan sanda huɗu ne. Bakin bindigogi uku na kallona.

"Yallaɓai, ni..."

"Me kike riƙe da shi?"

"Akwati ne, ɗan ƙarami. Na wasa ne."

Babbansu, wani mai furfura a gefen kunne, ya ja da baya taku biyu.

"An kira mu an ce wata mace mai shuɗin mayafi za ta zo nan da sha biyun rana ta tayar da bam."

Na kalli mayafina. Shuɗi ne.

Kafin in haɗiye yawu an fara korar mutane. Masu talla suka watsar da farantansu, wata mata ta sunkuci ɗanta ta bar takalminsa a titi, tashar mota da ke gefen gadar ta zama wayam kamar an yi shara. Aka zagaye ni da jan ƙyalle daga nesa.

"Idan kika sake shi, ko kika zaro shi, ban san abin da yarana za su yi ba," in ji babban. "Ki riƙe har masu kwance bam su iso."

"Yaushe za su iso?"

Ya juya wajen yaransa yana ba su umarni.

Ni malamar lissafi ce, auta a gidanmu. Ban taɓa taka ko ƙofar ofishin 'yan sanda ba. Wasan da ya jefa ni cikin wannan masifa kuwa ba wani abin tsoro ba ne. Wani zai ɓoye ɗan akwati a jikin dutse, ko kogon bishiya, ko bayan allon titi, ya sa lambobin wurin a manhajar waya. Sauran 'yan wasa su bi taswira su nemo. Idan ka samu, ka rubuta laƙabinka a ɗan littafin da ke ciki, ka mayar yadda ka gan shi. Ni ina sa hannu da Kurciya.

A cikin waɗannan littattafan na fara saninsa. Duk akwatin da na buɗe sai in tarar wani mai suna Mai Taswira ya riga ni. Ranar nan haushi ya sa na rubuta a ƙasan sunansa, "Kai ba ka da aikin yi ne?" Bayan sati biyu, a wani akwati a bakin rafi can bayan gari, na tarar da amsa: "Ina da shi, Kurciya. Awon filaye nake yi. Ki rage barcin safe."

Wata shida muna faɗa a takarda kafin mu ga juna. Ranar da na gan shi, da hularsa mai faɗi da ƙaya maƙale a ƙafar wando, na san na shiga uku.

Sau biyu ya je gaida Baba, sau biyu Baba ya sallame shi daga bakin ƙofa.

"Mutumin da ke ɓoye gwangwani a daji zan ba wa 'yata? Mai hankali ba ya ɓoye abu sai marar gaskiya."

Na san ba gwangwanin ne damuwar Baba ba. Babban yayanmu ya fita yawon hawan dutse shekara tara da suka wuce, gawarsa aka dawo da ita. Tun daga ranar Baba ba ya son jin kalmar daji. Don haka na yi masa biyayya, na daina ɗaga wayar Mai Taswira har sati uku. Sai jiya saƙonsa ya shigo: lambobin wannan wuri, da layi ɗaya. "Naki ne ke kaɗai, gobe da sha biyu. Idan ba ki je ba, na fahimta."

Ga shi na zo.

Hannuna ya fara sagewa. Gumi na gangarowa cikin idona, ba halin sharewa. Ɗan sandan da ke hagu yaro ne sabon shiga, ina ganin yadda bindigarsa ke rawa, kuma rawar nan ta fi komai tsorata ni.

"Yallaɓai, don girman Allah ka ɗauki wayata, ga ta nan ƙasa. Ka kira wanda aka rubuta Mai Taswira. Shi ya ajiye akwatin."

"Wato ku biyu ne."

Na rufe ido. Na sa shi a ciki da bakina.

Duk da haka ya sa aka jawo wayar da sanda, ya kira. Ban ji abin da suka ce ba. Na dinga karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina farawa ina mantawa a tsakiya. Kafaɗata ta ɗauki zafi kamar ana soka allura. Yatsuna suka fara zamewa daga jikin akwatin.

"Ba zan iya ba... hannuna ya mutu..."

"Ki daure."

Sai na jiyo wata murya daga bayan jan ƙyallen, muryar da ko a cikin kasuwa zan gane.

"Auta!"

Baba ne. Wani ya ɗauki bidiyona ya watsa, maƙwabta suka kai masa. Ba hula a kansa, mutum biyu na riƙe da shi. Ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba. A nan kukan da nake dannewa ya ƙwace.

Ban ga isowar Mai Taswira ba. Na dai ga 'yan sandan sun juya da bindigoginsu lokaci guda. Ya tsallako ƙyallen, hannayensa biyu a sama, yana takowa a hankali.

"Tsaya nan ko mu harbe ka."

Ya tsaya.

"Yallaɓai, akwatin nawa ne. Ni na saye shi, ni na liƙa shi jiya da maganaɗisu. Littafi ne a ciki da fensir da takarda. Ba ta san komai ba."

"Haka kowa ke cewa."

"To idan bam ne, ai ni ya kamata ya tashi da shi. Ku bar ni in karɓe ta."

Babban ya daɗe yana kallonsa. Ya sa aka ɗaga masa riga, aka lalube shi tun daga wuya har idon sawu, sannan ya yi masa nuni da kai.

Ya durƙusa a gefena. Numfashinsa na fita da sauri, leɓɓansa sun bushe. Ashe shi ma tsoron yake ji.

"Kurciyata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki yafe mini."

"Za su harbe ka."

"Ba za su harba ba idan muka bi a hankali. Kalle ni, kada ki kalle su. Zan sa hannuna ta ƙasan naki. Idan na ce to, ki zare."

"Ina jin tsoro."

"Ni ma, hasken idona. To."

Na zare. Hannun ya faɗo jikina kamar ba nawa ba. Wata 'yar sanda ta ja ni da gudu zuwa bayan motarsu, Baba ya fizge daga masu riƙonsa ya rungume ni. Ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka.

Minti arba'in Mai Taswira ya yi a durƙushe, bindigogi a kansa. Baba bai ɗauke ido daga kansa ba ko sau ɗaya.

Da masu kwance bam suka iso cikin rigunansu masu kauri, suka janye shi, suka sa masa ankwa. Ɗayansu ya ɗauki akwatin da wani dogon ƙarfe ya kai tsakiyar titi. Na toshe kunnuwana, duk da na san abin da ke ciki.

Littafi. Fensir. Takarda a ninke.

Babban ɗan sandan ya warware takardar, ya karanta da ƙarfi don a shaida.

"Kurciya, ba zan taɓa neman ki saɓa wa Baba ba. Izini kawai nake nema in koma wurinsa karo na uku. Idan ya sake cewa a'a, zan haƙura, in yi ta yi miki addu'a daga nesa."

Wani a cikin taron ya yi dariya. Baba bai yi ba.

Ni sun sake ni da yamma bayan na rubuta bayani. Shi suka riƙe.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. A rana ta biyu aka gano lambar da ta yi kiran. Ta Gimbiya ce, wadda ke duba sababbin akwatuna kafin a sa su a manhajar ƙungiyarmu. Ita Mai Taswira ya roƙa ta jinkirta fitar da wannan akwatin har sai na je, don haka ta san wurin, ta san lokacin. Shuɗin mayafin kuwa, shi nake sawa duk ranar fita nema. Ta shekara biyu tana son Mai Taswira, ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce wai so ta yi kawai a ba ni kunya, Baba ya ƙara tsanar sa.

A rana ta uku Baba ya fito da hularsa a kai, makullin mota a hannu.

"Sa mayafinki."

"Ina za mu, Baba?"

"Sun ce sai an sami dattijon da zai tsaya masa."

Na bi shi har ofishin 'yan sanda, ina tsoron kada ya fasa.

Aka fito da Mai Taswira, idanunsa sun faɗa, gemu ya tsiro. Yana ganin Baba ya zube ƙasa.

"Baba, na jawo wa 'yarka abin da..."

"Ka jawo. Kuma ba na son wasan nan naku, har gobe ba na so." Baba ya gyara murya. "Amma na ga inda ka sa hannunka. Tashi."

Ɗan sandan da ke kan kanta ya jawo takardar beli, ya cike suna da adireshi, sannan ya ɗago biro yana kallon Baba.

"Mene ne alaƙarka da shi?"

Mai Taswira ya sunkuyar da kai.

Baba ya kalle ni, ya kalle shi, ya ja tsaki kaɗan irin na wanda aka fi ƙarfinsa.

"Rubuta surukina."