Kan Soson da Tela Bai Ƙona Ba

Magariba ta kawo kai, Mama na tsakar gida tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗaga murya ta yi wa yaran maƙwabta faɗa. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban ƙafarta. Ta duƙa ta taɓa, ta ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Layin kuwa tsit, ko tarin mutum babu.

Mijinta ɗinki ne sana'arsa, kowa Tela yake ce masa. Amma in ya rufe shago, ba shi da abokin hira sai soso. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan gida, nan yake yanka tsohuwar katifa da reza, ya fito da hanci da almakashi, ya manna maɓallai a wurin ido, ya tsaga baki ya liƙa kwali a ciki, yadda in ka zura hannu bakin zai buɗe ya rufe. Kawunan 'yar tsana yake yi. Ba na sayarwa ba ne, sha'awa ce kawai, Mama kuma ba ta taɓa hana shi ba.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa. Lokacin da 'yarsu Auta take ƙarama, ya yi wani kai mai kama da ita sak, har da 'yar lotsawar kumatunta, ya tsince gashinta daga mataji ya manna. Mama na gani ta ce ya ƙone shi. Ya rantse mata ya ƙone, har toka ya kawo ya nuna mata.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara. Daga baya aka soma jin faf, faf, faf daga ɗakin baya, ƙarar bakunan kwali suna haɗuwa, alhali ƙofar a kulle take. Sannan abin ya faɗa kan Auta, wadda yanzu ta zama budurwa. Ta daina ci. Sai ta zauna a gefen gado, ido ba ƙiftawa, haɓarta na sauka tana hawa, ba sauti.

Mama ba ta tsaya shawara ba, ta aika aka ɗauko Malam, wani tsoho mai karatu a kan masu iska. Ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu a hankali. Can sai wata murya mai kauri, ta tsohon namiji, ta fito daga bakin Auta.

"Ka daina ƙona ni. Ni ɗan haya ne."

Malam ya ce, "Wa ya ba ka haya a jikin 'yar mutane?"

"Ba a jikinta na fara ba. Mai gidan nan ya yi mini ɗaki mai laushi, da fuska, da gashi. Na daɗe ciki ban taɓa kowa ba. Yanzu soso ya tsufa yana zubewa. Sai na duba wadda ta yi kama da gidana, na koma."

Mama ta ce, "Ƙarya kake! An ƙone shi."

Muryar ta yi dariya. "Tokar tsumma aka nuna miki, Mama. Leƙa saman silin."

Ba ta kalli mijinta ba. Ta jawo tebur, ta hau da ciwon gwiwarta, ta ture silin, ta laluba, ta sauko da wata leda. Kan na ciki, ya yi ja, gashin na nan. Ta sa yatsa a kumatun, wurin ya marmashe kamar busasshen burodi.

Tela ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hannuna ne ya kasa. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba."

"Ka rantse mini, Baban Auta. Ina kallon idonka ka rantse. Shekara da shekaru yana saman kanmu, kana kwana kana minshari."

Aljanin ya ce a yi masa sabon kai irin wannan sak, zai fita. Malam ya ce ba aljani ke yanka sharaɗi ba, ya ƙara ƙarfin karatu. Auta ta sandare, muryar ta koma roƙo. "Kowane iri ne! A dai ba ni inda zan raɓa."

Malam ya ce, "Ba gashi, ba kamar kowa. Kuma daji zan kai ka."

Tela ya ɗauko soso da reza. Mama na tsaye a kansa. Yanka kaɗan ya yi, sai ga kumatu na fitowa, ga lotsawar nan tana shirin bayyana. Ko shi bai lura ba. Ta fizge rezar.

Ita da ba ta taɓa yanka soso ba ta zauna a ƙasa ta yi ta datsa. Hanci ya karkace, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, baki har kunne. Ta dangwarar da shi gaban yarinyar.

Muryar ta ce, "Wannan ne gidan?"

Mama ta ce, "Shi ka samu."

Sai Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Malam ya ƙulle sabon kan da tsohon a buhu, ya fita da su ba tare da ya waiwaya ba.

Auta ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta gaskiya, "Mama, ruwa."

Tela ya ruga ya ɗebo, ya durƙusa zai ba ta, yana kallon fuskarta hawaye na zuba. Mama ta karɓe kofin daga hannunsa, ta juya kan 'yarta zuwa ƙirjinta, ta rufe da mayafi.

Ta ce, "Ka kalle ta ya isa haka."