Fuskar da Farida ta Goge

"Ungo kayanki."

Jaje ne ya faɗi haka, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ɗora firam ɗin hoto a kan tebur, ya kife shi.

Farida tana tsaye a kan kujera tana rataya labule a bangon shagonta na ɗaukar hoto. Ta waigo ta dube shi sama da ƙasa, ta yi murmushi.

"Masoyi, yau kuma da wa munka yi hwaɗa? Shanun sun ƙi sayuwa?"

"Sauko ki ji."

Ta sauko. A duk Birnin Konni, in tela ya gama ɗinki yana son a gan shi a waya daga nan har Tawa, shagon Farida yake kawo shi. Ita ke zaɓen wadda za ta sa kayan, ita ke tsayar da ita, ta san hasken da ke tayar da shadda da wanda ke kashe ta. Ta iya, ta kuma san ta iya, ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Shi kuwa Jaje ɗan Fulanin wata ruga ne a bayan Tsarnawa, yana saye da sayar da shanu a kara, kasuwar dabbobi. Shekara biyu ke nan yana nemanta, kuma ranar Juma'a mai zuwa ce aka tsayar kawunnansa za su zo wurin mahaifinta.

Ta juya firam ɗin. Hoton Inna Kubra ne, mahaifiyar Jaje, wanda ta ɗauka a bikin ƙanwarsa Basira, ta gyara shi da hannunta, ta aika mata kyauta.

"Gilashin ya hwashe?"

"Babu abin da ya hwashe. Inna tac ce in gaya maki, ita ba ta san matag ga ba. In ke kin san ta, ki kai mata hotonta."

Farida ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"Jaje, kwana ukku ina bisa hoton ga..."

"Na sani."

"Dubi yadda hwatarta tay yi sumul. Na haska ta, na ɗebe tamoji, na share zane-zanen ga duka. Matan Konni roƙona su kai in yi masu haka."

"Zane-zane?" Ya dafa tebur. "Tsagar gidansu kika kira zane-zane? Baƙin leɓen ga, uwatta ta zamna tay yi mata shi da ƙaya tana budurwa."

"Ni gyara na yi."

"Inna tac ce, wadda tag goge ta bisa takarda, in ta shigo gida ma goge ta za ta yi." Ya kawar da kai. "Ta hana kawunnaina zuwa Juma'a."

Farida ta ajiye firam ɗin, ta dube shi.

"Kai mi kac ce?"

"Mi za ni cewa? Uwata ta. Ina son ki, Farida, Allah shi na shaida. Amma ba ni aza ƙahwata inda Inna tad ɗauke tata."

Ya fita. Ta ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace.

Ta zauna ta buɗe kwamfuta, ta jera hotunan biyu, na asali da gyararre. Da farko haushi take ji, don gwanin da aka ce bai iya ba ya fi kowa zafin rai. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. A na asali akwai wata baƙar dattijuwa mai kaifin ido, da tsaga uku-uku a gefen baki, tana kallon mutum kamar ta san sirrinsa. A gyararren kuwa wata fara ce sol, fuska kamar cikin kwanon sha, ba ta kama da uwar kowa. Garin gyaran gira ta tsone ido. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a kan aikinta.

Washegari da hantsi ta sami mahaifinta, Alhaji Ubaidullahi mai motocin haya, yana shan shayi a falonsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tana neman izinin zuwa rugar su Jaje.

"Rugga? Ke?" Ya ajiye kofin. "Ɗiyata ba ta bin miji har gidansu. In sun hwasa, Allah shi haɗa kowa da rabonai."

"Baba, ni na yi laihi."

"Ko kin yi. Kina so a ce ɗiyar Ubaidullahi ta kai kanta?"

"Ba kaina za ni kai ba. Abin da na ɓata za ni gyarawa."

"Mi kinka ɓata?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba, ba ta kare kanta ba. Alhaji ya saurare ta har ta gama. Can ya ɗaga kai ya dubi babban hotonsa da ke rataye a bango, wanda ita ta ɗauka bara da Sallah, yana cikin farar shadda. Ya kai yatsa ya shafa kumatunsa, inda tsagar Gobirawa ta tashi daga gefen baki har kunne.

Farida ta bi idonsa da kallo. A hoton kumatun sumul suke.

"Baba..."

"Kullum sai na dube shi," ya ce a hankali. "In ce, wanga ɗan Larabawa daga ina? Na yi kurum don ke kin yi murna da shi. Amma da ubana na da rai, da bai yarda a rataya shi gidanga ba."

Hawaye suka zubo mata. Shekara guda mahaifinta yana zaune da wannan abu a ransa, ita kuwa duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa hoton tana alfahari.

"Share idonki," in ji Alhaji. "Ɗauko kayan aikinki. Ni za ni kai ki da kaina, in ga wanda za shi cewa kin kai kanki."

Bayan azahar suka isa. An gama girbi, gonaki sun yi fili, shanu na kiwo a cikin karan gero. Maza suka tarbi Alhaji suka kai shi inuwa. Jaje ya tsaya baki buɗe, Farida ko kallonsa ba ta yi ba. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta je ta durƙusa a gaban bukkar Inna Kubra.

Inna tana wanke ƙwarya. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, ta sa aka kawo fura da nono, amma ba ta ɗago ido ba.

"Inna, na zo neman gahwara."

"Mi kinka yi mani? Mashinku yad dube ni ya ga ban yi ba, ya sake wata."

"Ba mashin ba na, Inna. Ni ta. Da hannuna na goge."

Sai a lokacin Inna ta dube ta.

"Don mi?"

"Don na saba. Kowa yaz zo sai shi ce a haska shi, har idona ya koyi ganin tsaga kamar dauɗa. Ban ko tsaya na dube ki ba."

"To yanzu mi kika so?"

"Ki ba ni dama in ɗauke ki sau guda. In kin ga ba ke ba ta, in tahi, ba ki ƙara ganina."

Inna ta juya ƙwaryar a hannunta. "Ke ba ki da tsoro, ko?"

"Ina da shi, Inna. Amma aikin ga na iya shi."

Dattijuwar ta ɗan taɓe baki, ba a san ko murmushi ta danne ba. "To ɗauki, ga ni."

"Ba yanzu ba. Rana na bisa kai, za ta zuba maki inuwa cikin ido, ta ƙona goshi. Mu jira ta sauka."

Suka jira. Farida ta naɗe hannun riga ta kama wankin ƙore, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya hana ta. Da aka yi la'asar Inna ta shiga bukka ta fito da leshin da ta sa a bikin Basira, ruwan hoda mai walƙiya.

"A'a, Inna. Leshin ga ƙyalli garai, shi za a gani, ba ke ba. Ina zanen da kika so a ranki?"

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma. Da ta sake fitowa, baƙin zane saƙi ne a jikinta, rinin shuni, har yana ɗaukar ido. Ta sa 'yan kunnen azurfa, da jan murjani a wuya.

Farida ta ji tsigar jikinta ta tashi. Nan take ta koma Faridar shago, mai ba da umarni.

Ta zagaya tana duba wuri. Bakin bukka ya yi duhu, shuni zai nutse a ciki. Ta zaɓi jikin wata sabuwar zana, wadda rana ta mayar ruwan zuma, don baƙin zanen da baƙar fatar su fito a kanta. Ta kawar da wani shuɗin bokitin roba da ke baya. Ta kife turmi ta zaunar da Inna yadda rana za ta zo mata ta gefe, ta bi kan kunci a kwance, kowace tsaga ta sami 'yar inuwarta.

"Jaje, zo nan," ta ce, karo na farko da ta yi masa magana. Ta cire farin mayafinta na sama ta miƙa masa. "Tsaya wancan gehe ka baza shi. Shi za shi maido haske bisa kuncin da ke duhu. Ƙasa kaɗan... kai, shanu kaɗai ka iya riƙo?"

Matan rugar suka kwashe da dariya. Jaje ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya gyara.

Farida ta durƙusa har kamara ta zo daidai idon Inna. Ba ta sa ta a tsakiya ba, ta matsar da ita gefe guda, ta bar fili ta inda fuskarta ke kallo.

"Kada ki dube ni, Inna. Dubi shanunki, ga su can sun taso."

Inna ta juya. Garken ya doso gida, kafaɗunta suka sauka, fuskarta ta saki. Farida ta danna.

Ta miƙe ta kai mata kamarar da hannu biyu.

Inna ta kare gilashin da tafin hannu, ta kawo shi kusa da ido. Ta ƙura wa hoton ido.

"Wagga ai innata ta," ta ce da wata irin murya. "Haka take zama. Haka take duban shanu..." Ta shafa gilashin da yatsa. "Ta rasu ba a taɓa ɗaukar hotonta ba. Shekara talatin ina neman huskarta cikin kaina, ta ɓace mani."

Hawaye suka gangaro ta kan tsagar, ba ta share ba. Jaje ya juya baya yana goge ido da mayafin da ke hannunsa.

"Ba ki taɓa komi cikinai?" Inna ta tambayi Farida.

"Ko ƙwayar gero, Inna."

Inna ta kamo hannun Farida ta zaunar da ita a gefenta, ta yaye gefen zanen shunin ta rufa mata a kafaɗa. Ba ta kira sunan ɗanta ba, don ɗan fari ne, sai ta ɗaga murya kawai.

"Kai wanga, je ka gaya ma baƙonmu Juma'a na nan yadda take. Amma tukuna amshi abin ga ka ɗauke ni da ɗiyata."

Jaje ya karɓi kamara kamar an ba shi jariri. Ya rufe ido ɗaya, ya danna.

Farida ta karɓa ta duba. Hoton ya karkace, ya yanke rabin ɗankwalin Inna, ga wutsiyar saniya ta shigo ta gefe, ita kuma idanunta sun kumbura da kuka, hanci ya yi ja.

"Ya yi?" Jaje ya tambaya a tsorace. "In bai yi ba ki gyara shi."

Ta rungume kamarar a ƙirjinta, ta jingina kai a kafaɗar Inna.

"Bai yi ba, masoyi," ta ce. "Kuma babu mai taɓa shi."