Gaɓa ta Goma Sha Huɗu

Ƙarfe goma da 'yan mintoci na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga gidan tarihi, aka ce an yi sata, kuma ɓarauniyar tana hannu.

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur, suka kama hanya. Da isarsu suka tarar an rufe babbar ƙofa, an sallami masu kallo. Darakta da kansa ya tarbe su, dogon mutum mai gilashi, yana ta share gumi da hankici.

"Tana ƙasa," in ji shi. "Na sa an kulle ta tare da kayan, kar ta samu damar jefar da komai."

Suka sauka matakala ashirin da biyu. Ma'ajiyar tana ƙarƙashin gini, ba taga ko ɗaya, sai dogayen fitilu masu ƙugi da layin durowoyin ƙarfe har rufi. Wani tsoho da ma'aikata ke kira Baba Mai Makulli ya buɗe ƙofar. Suna shiga ta koma da kanta ta rufe, gif. Kofur ya duba wayarsa, babu sabis.

A ƙarshen layin wata mata na zaune a kan kujerar katako, ta rungume jakarta. Ɗaliba ce mai neman digiri na uku. Idanunta sun yi ja.

"Me aka sace?" Sufeto ya tambaya.

Darakta ya jawo wata doguwar durowa. Ƙasusuwa ne a jere cikin auduga, launin ƙasa-ƙasa, kowanne da ɗan farin fenti da lamba a kai.

"Wuyan wata dabbar teku ne ta zamanin da, filisiyoso. Ɗan ƙaramin kai, dogon wuya, ƙafafu huɗu kamar filafilin jirgin ruwa. A nan Dogon Wuya muke ce mata. Ƙashin ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse. Gaɓa talatin da biyu ne. Ɗauki ta goma sha huɗu ka ji."

Sufeto ya ɗauka, sai hannunsa ya yi sama. Ba nauyi. Ya ɗauki ta kusa da ita, ya ji ta da nauyi da sanyi kamar dutsen rafi.

"Filasta ce, irin farin garin da ake ɗaurin karaya da shi," in ji Darakta. "An ɗauke ta gaskiyar an ajiye wannan. Kwana uku matar nan tana kan durowar nan."

Kofur ya leƙa. "Oga, yanzu duk tashin hankalin nan a kan ƙashin da ko kare ba zai waiwaya ba?"

"Rubuta abin da ka ji, Kofur."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna gaban ɗalibar.

"Malama, ke kika ɗauka?"

"Yallaɓai, ni na gano. Ni na hau sama da ƙafata na gaya masa. Ɓarawo yana kai ƙarar kansa?"

"Wani lokaci yana yi. Me ya kawo ki nan?"

"Shekara biyar ina bin wuyan dabbar nan. Na rubuta wa gidajen tarihi goma sha tara. Wasu suka ce ba su da ita, wasu haƙori ɗaya gare su, wasu ko amsa babu. A wani tsohon kundi na ga cewa akwai cikakken wuya a nan. Sau uku ina rubutowa, sau uku ana ce mini ana gyara. Na huɗun ne aka ce in zo."

"Wa ya ce ki zo?"

"Mataimakin Darakta. Shi lokacin ya yi tafiya."

Darakta ya gyara gilashi. "Takardar da zan aika wa jami'arsu tana kan tebur, sa hannu kawai ya rage. Ƙarfe huɗu za ta tafi."

Ɗalibar ta rufe ido. "In takardar nan ta isa, kora ce. Ba wani gidan tarihi da zai sake buɗe mini durowa." Ta dubi ƙofar ƙarfen. "Na bar jaririya wurin innata, na ce sha biyu zan dawo."

Sufeto ya dubi agogo. Sha ɗaya da rabi.

"To taimaki kanki. Nuna mini abin da kika gani wanda ni ban gani ba."

Ta tashi, ta ajiye gaɓa ta goma sha uku kusa da ta filastar.

"Gaɓoɓin wuya ba sa zama daidai. Daga kai zuwa kafaɗa kowace tana ɗan fin ta gabanta girma. Amma dubi waɗannan." Ta ɗora ma'auninta a kan ɗaya, ta ɗora a kan ɗayar. "Tsawo ɗaya. Faɗi ɗaya. Ga ɗan ɓantare a gefen wannan, ga shi a gefen waccan."

"Tagwaye ke nan," in ji Kofur.

Sufeto ya daɗe yana juya su a hannu. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Wanda ya riƙe ta gaskiyar a hannunsa, ita zai kwaikwaya. Wannan maƙwabciyarta ya kwaikwaya. Ashe lokacin da ya zauna aikin, ta goma sha huɗun ba ta nan."

"Da hoto ma ana iya yi," in ji Darakta da sauri.

"Ana iya yi? To bari mu tambayi mai yi."

Ɗakin zubi, inda ake kwaikwayon ƙasusuwa da filasta, yana jikin ma'ajiyar, shi ma ba taga. Mai aikin wurin ana ce masa Farin Hannu, don filasta ba ta barin yatsunsa. Yana ganin kaki ya miƙe tsaye.

"Wallahi yallaɓai ba aikina ba ne."

"Ban tambaye ka ba tukuna."

"Na san za a zo kaina. Ni kaɗai ke zubi a gidan nan." Ya karɓi gaɓar filastar ya kife ta. "Duk abin da na zuba ina sa masa jan ɗigo a ƙasa, don kar a ruɗe da na gaskiya. Ina ɗigon?"

"Mai son ɓoyewa ba zai sa ɗigo ba. Da hoto ana iya yin wannan?"

"Ina! Sai an lulluɓe ƙashin da roba, a bar shi ya kwana biyu a kan bencin nan."

Sufeto ya miƙa masa ta goma sha uku. Farin Hannu ya kai ta ƙarƙashin fitila, ya sa tsinke cikin wata 'yar tsaga, ya fito da wani busasshen abu fari. Ya shinshina, ya jiƙa yatsa ya murza. Abin ya yi kumfa.

"Sabulu," in ji shi. "Da shi mutanen da ke shafe ƙashi kar roba ta kama. Ni man feshi nake sawa, tun ranar da na zo."

"Su wa ke sa sabulu?"

"Maigidana, Allah ya jiƙansa. Sai wanda ya riga ni zama a bencin nan."

"Wa ke nan?"

Farin Hannu ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ofishin Darakta ne a saman ɗakin.

Sufeto ya koma ma'ajiya. Ya ce wa Darakta ya hau ofis ya jira, ya sa Kofur ya raka shi. Ƙarfe biyu ta wuce. Iskar ɗakin ta yi nauyi, ɗalibar ta jawo mayafi ta rufe gaban rigarta da ruwan nono ya jiƙa.

Baba Mai Makulli na tsaye jikin ƙofa.

"Baba, shekara nawa kana nan?"

"Talatin da ɗaya, ɗana."

"Ka san gaɓar nan filasta ce?"

"Ni? Makulli ne aikina. Ban taɓa taɓa durowar nan ba."

"To wa ke canja audugar? Na ga sabuwa ce."

Makullan hannun tsohon suka yi 'yar ƙara.

"Ni ne. Duk shekara."

"Duk shekara kana ɗaga gaɓa talatin da biyu, ɗaya ba nauyi, ba ka ji ba?"

"Na ji." Ya sunkuyar da kai. "Tun shekara goma sha ɗaya nake ji. Wa zan gaya wa? Wanda zan kai wa maganar shi ke sa hannu a takardar ritayata."

Sufeto bai ɗaga murya ba. "Baba, dubi yarinyar nan. Sa'ar 'yarka ce. In abu ya fashe a gidan nan, ina ake zubar da shi?"

Tsohon ya ɗago da sauri, kamar an zage shi.

"Zubarwa? A nan? Ɗana, ko garin ƙashi ne ya zuba a tebur, sai an share shi a ambulan, an rubuta daga inda ya fito da ranar. Haka aka koya mana duka. Wanda ya tashi a gidan nan hannunsa ba zai iya jefa ƙashi a shara ba."

"To ina ake ajiye ambulan ɗin?"

Baba ya ja ƙafa zuwa lungun ƙarshe, inda fitila ta mutu. Akwai wani babban akwatin katako da suke kira akwatin marayu, wurin guntattakin da ba a san jikin da suka fito ba. Su uku suka durƙusa. Ɗalibar na haska fitilar wayarta, Sufeto na fito da ambulan ɗaya bayan ɗaya, ƙura na shaƙe su. Sun fi ɗari biyu.

Uku da rabi saura kaɗan hannunsa ya taɓa wani gwangwani a can ƙasa. Ya buɗe. Guntaye bakwai ne cikin auduga, kowanne da ɗan farin fentinsa: 14a, 14b, har zuwa na bakwai. Ga ƙaramar ambulan ta gari. Ga kati, da rubutu mai kyau a tsaye: Dogon Wuya, gaɓa ta 14, ta faɗi daga hannu. Da kwanan wata a ƙasa.

Ɗalibar ta zauna daɓas a kan siminti, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Aka sauko da Darakta, takardar jami'a na hannunsa. Sufeto ya karɓa, ya ajiye ta kusa da katin. Adireshin da ke bayan ambulan ɗin takardar da rubutun katin hannu ɗaya ne.

"Ranka ya daɗe, wa ya rubuta wannan?"

Darakta ya dubi gwangwanin. Ya cire gilashi, ya nemi kujera ya zauna, kujerar da ɗalibar ta wuni a kai.

"Saura kwana tara a zaɓi sabon shugaban sashe," in ji shi. "Na ɗauko gaɓar zan yi mata hoto. Hannuna da gumi. Ƙarar faɗuwarta har yau ina ji." Ya shafa fuska. "Na kwana biyu ina zubi. Na ce bayan zaɓe zan faɗa. Sai aka zaɓe ni. Sai aka ƙara mini girma. Duk wasiƙar da ta zo da sunan dabbar nan, sai in amsa cewa ana gyara. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tafiya hutu da kwanciyar rai ba. Sau ɗaya na yi nisa, sai ga matar nan."

"Me ya hana ka jefar da guntayen a kogi?" Kofur ya tambaya. "Da yanzu ba mu da komai."

Darakta ya dube shi da mamaki. "Ƙashi ne fa. Ya fi shekara miliyan ɗari."

"Ita kuma mutum ce," in ji Sufeto. "Fasa ƙashi tsautsayi ne, da ka faɗa da tuni an manta. Amma ka kira mu da ƙarya, ka kulle baiwar Allah tun safe, ka rubuta takardar da za ta kashe mata karatu. Wannan shi za ka amsa. Tashi mu je."

Darakta ya miƙe. Ya tsaya gaban ɗalibar kamar zai yi magana. Kofur ya kama gwiwar hannunsa, suka hau matakala.

Sufeto ya ninke takardar jami'ar ya sa a aljihu. "Wannan ta zama shaida, ba inda za ta je. Malama, tafi wurin 'yarki."

Ta ɗauki jaka, ta kai bakin ƙofa da sauri. Nan ta tsaya. Ta waiwayo ta dubi gwangwanin da ke hannunsa.

"Yallaɓai, tafiya za ku yi da shi?"

"Sai an gama shari'a."

"Minti biyar. Ban auna ta ba."

Sufeto ya dube ta, ya dubi agogo, ya girgiza kai yana murmushi. Ya ajiye gwangwanin a kan tebur.

Ta fito da ma'auninta. Baba Mai Makulli kuwa ya jawo kujerar katakon nan, ya tokare ƙofar ƙarfen da ita, ya bar ta a buɗe.